Baɗi Za Mu Kumasi

Mu biyu Baba ya bari maza, ni da ƙanena, shekara huɗu ce tsakaninmu. Ƙauyenmu yana tsakanin Gatawa da Sabon Birni, kusa da gulbi. Da damina mu noma gero da dawa a gandun gidanmu, da rani kuma mu ɗaura wa jakuna kaya mu bi 'yan kasuwa arewa. Mukan kai goro da zannuwa Madawa da Maraɗi, mu komo da kanwa da gishiri da dabino. A lissafin Turawa mun tsallaka wata ƙasa ke nan, ƙasar Faransa. A wurinmu ba tafiya ba ce. Kawunmu yana Tsibiri, zanen da ke fuskarsa shi ne a fuskarmu, furar da ake dama mana can ita ce ta gida.

Tafiya ta gaske a zamanin nan ita ce Gwanja, ƙasar da yanzu ake kira Gana. Duk saurayin da ya isa ɗaukar kaya, Kumasi ce a bakinsa.

Mu abin ya shigo gidanmu ne ran da ɗan marinin garinmu ya dawo bayan shekara uku. Ya tafi da riga ɗaya, ya komo da akwatin ƙarfe da laima da zannuwa masu launin da ubansa bai taɓa fitarwa daga karofi ba. Ranar kasuwar Sabon Birni aka kewaye shi gindin tsamiya, har masu awo suka bar buhunansu. Ya ba da labarin kurmin da rana ba ta taɓa ƙasa, da ruwan sama da ke zuwa sau biyu a shekara, da kasuwar da mutum zai shiga da hantsi bai ga ƙarshenta ba har azahar. Ya ce ya je har Ankara ya ga teku, ruwan da ba shi da wancan ƙetare.

Da muka kamo hanyar gida ƙanena ya yi gaba shi kaɗai. Shi da ba ya rufe baki, ko jaki ya yi atishawa sai ya tanka masa. Sai da muka zo mashigin gulbi, muna naɗe wanduna, ya ce, "Yaya, za ni Kumasi."

Na ce, "Za mu dai."

Ya dube ni. "Da gaske kake?"

"Wallahi tare za mu. Kaka ta yi, mu kai hatsi rumbu, mu bi ayari."

Ba yaudararsa na yi ba. Ni ma ina so. Shekaru ina ɗora huhun goro bisa jaki, ina yayyafa masa ruwa kamar jinjiri, amma ban taɓa ganin itacen da ke haifarsa ba. Ina son in tsaya gindinsa sau ɗaya in ɗaga kai.

A daminar nan Baba ya rasu. Da kaka ta yi, Inna ba ta daɗe da fita takaba ba, babban rumbunmu kuma ruwa ya cinye gindinsa, sai an gina wani. Na ce wa ƙanena mu bari sai baɗi. Bai yi musu ba, shi ma ya ga halin da ake ciki. Ya riga ya sa baduku ya yi masa takalma masu kauri na doguwar tafiya, ya rataye su a rumfar kara, ya zo muka kwaɓa ƙasa.

Baɗin ta zo da fara. Gero yana cikin fitar da kai suka sauka, kwana biyu suka tashi suka bar mana kara tsaye. Ranin nan ba wanda ya yi zancen Kumasi a gidanmu. Muka kora jakuna har can arewa da Madawa neman abin da za a ci, muka sha tafasa da ganyen jiga kamar kowa. Shi ma wannan ba laifin kowa ba ne.

Shekara ta uku ce nake son in faɗa yadda take, don ita ce na daɗe ina gyara wa labari in ana hira.

Damina ta yi kyau ƙwarai. Sabon rumbu ya cika, har muka jibge sauran dammuna a kan rumfa. Ɗan marini, wanda ya zauna gida shekara biyun nan saboda tsufan ubansa, ya ce zai koma, kuma zai ja duk mai so. Samari shida suka shirya. Ƙanena ya sauko da takalmansa ya shafe su da man shanu. Ya sayi salka ta ruwa. Kullum bayan la'asar yana bakin karofi yana koyon gaisuwar mutanen can, ya dawo yana gaida Inna da ita, tana korarsa da muciya tana dariya. Sunayen zangunan hanya kuwa ya haddace su kamar karatu, daga Jega har a tsallake Kwara, a ratsa Bargu, a faɗa ƙasar Faransa, a ɓulla Salaga.

Ni kuma matata tana da cikin fari, wata bakwai.

Muna gona muna ɗaure dawa na ce masa, "Ka ga halin da ɗakina ke ciki. Mu bari ta sauka lahiya. Baɗi ba abin da ka tsai da mu."

Ya ajiye igiyar da ke hannunsa. "To Yaya, ka bar ni in tai ni ɗai. In na ga wuri, baɗi in zo in ɗauke ka."

"Ba haka munka yi da kai ba."

"Shekara ukku ke nan. Hatsi ya samu, rumbu na tsaye, Inna lahiya lau. Mi ar rage?"

"Ni na rage. Ni ag gaba gare ka, kuma na ce a'a."

Da yamma ya kai maganar gaban Inna. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗaga kai ba ta ce mini, "Bar shi shi tai. Ƙahwa tai na ƙaiƙayi tun yana ƙarami."

Na ce Baba da bakinsa ya damƙa mini gidan nan. Na ce hanyar Bargu akwai 'yan fashi, kurmi akwai zazzaɓi, yaro ne, in wani abu ya same shi wa za a tambaya in ba ni ba? Na yi ta jero dalilai har Inna ta koma kan tsintar wakenta. Mace ce da ba ta jayayya da babban ɗanta a gaban ƙaraminsa.

Abin da ban faɗa ba shi ne tsoro nake ji. Duk lokacin da tafiyar ta matso sai in nemi dalilin zama, in ta ja baya sai in fi kowa zancenta. Ina tsoron hanya, ina tsoron in mutu inda ba a san ubana ba. Ina tsoron noma gandun nan da hannu biyu kacal. Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan muni: ban so ƙanena ya riga ni gani ba. Ban so ya dawo a kewaye shi gindin tsamiya, ni ina daga baya riƙe da akalar jaki.

Samari da yawa a lokacin ba sa neman izini. Su fita kamar za su daji, sai labari daga Jega. Na san ɗan marini ya ce wa ƙanena ya yi haka. Bai yi ba. Ranar da ayarin ya tashi, da hantsi, ya ɗaukar wa ɗayansu kaya har mashigin gulbi, ya tsaya har suka haye. Ya dawo ya ɗauki sanda ya shiga sussuka, bai tsaya shan fura ba sai da rana ta karkata.

Matata ta haifi namiji lafiya. Ƙanena ne ya yanka ragon suna, shi ya yi ta hidima da baƙi. Ba wanda zai ce akwai wani abu tsakaninmu. Sai dai ya daina yi mini wasa. Da Inna ta kawo masa zancen aure, don sa'o'insa duk sun yi, ya ce, "Sai na komo." Ta ce, "Daga ina?" Ya yi murmushi kawai.

Baɗin da na yi masa alkawari ba ta zo da hanya ba. Yaƙin Turawa ya tashi, Faransawa suka ɓata da Ingilishi, aka rufe iyaka. Ko Tsibiri sai a ɓoye ake zuwa, wanda aka kama kuwa a ƙwace jakunansa. Hanyar Gwanja ta ƙasa dole ta ratsa ƙasar Faransa, saboda haka ayari ya tsaya. Ƙanena ya ji cewa ana iya shiga jirgin ƙasa a Ƙaura zuwa Ikko, daga can a hau na ruwa. Ya zo mini da wannan. Na ce, ana yaƙi wa zai shiga jirgin ruwa? Mu jira duniya ta lafa. A wannan karon ina da gaskiya, kuma na ji daɗin samunta. Daga ranar bai sake tambayata ba. Takalman ma ya fara sawa zuwa gona saboda ƙaya.

Sai ɗiban gwamna ya zo. Haka muke kiran kwasar mutane da aka yi ta yi ana kai su haƙar kuza a duwatsun Jos, wai ana bukatarta don yaƙi. Ba a tambayar mutum ko yana so. Mu ya same mu ana tsakiyar maimai, noma na biyu. Da safe manzon mai gari ya yi sallama a zaurenmu, tare da wani dogari daga Isa. Ya ce an yanka wa garinmu adadin mutane, duk gidan da ke da maza biyu zai ba da ɗaya. Wata huɗu ne kawai a dawo. Jibi za a tashi.

Suka fita suka bar mu a zaure, ni da shi. Ni ne babba. Abin da ya kamata in faɗa a bayyane yake, kuma yana bakina. Na dubi ƙasa ina jan layi da tsinke. Ina jin kukan ɗana daga cikin gida.

Ƙanena ya ce, "Ni za ni. Kai kana da iyali."

Na ce, "A'a, bari mu yi shawara."

"Wace shawara? Ai ko ba komi na shiga jirgi." Ya tashi ya kakkaɓe riga.

Na raka su har Isa. A wani fili aka tara su, mutanen Sabon Birni da na Gatawa da na Gangara da na ƙauyukan da ban sani ba. Wani malami yana rubuta sunaye, wani ma'aikacin asibiti yana sa mutum ya tuɓe riga, ya dubi ƙirjinsa da ƙafafunsa ya ce wuce. Ban ga wanda aka mayar ba sai wani mai kurkunu da ko tsayuwa ba ya iyawa. Mata sun biyo da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin fura, dogarai suna kora su baya. Daga nan da ƙafa za su bi ta Shinkafi zuwa Ƙaura.

Da aka ce su jeru, ƙanena ya juyo ya ce, "Yaya, in na komo, kana bari na?"

Na ce, "In ka komo, ko ran nan kaka so ka wuce."

Ya yi dariya irin wadda ya daɗe bai yi mini ba. Ya taɓa wani ɗan Gangara da ke kusa da shi, babban mutum mai furfura a gemu, ya ce, "Baba, ka ji ko? Kai ne shaida."

Na noma gandun ni kaɗai, abin da na yi shekaru ina gudu. Ya nomu. Ciyawa ta ci gefe ɗaya, amma an samu abinci.

Wata huɗu ya cika, na biyar ya shiga. Mutane suka fara dawowa ɗaya ɗaya, ramammu, suna tari, wasu da gyambo a ƙafa. Duk wanda na tambaya sai ya ce ba sansani ɗaya aka kai su ba. Ran nan bayan azahar ina gyaran darni, sai ga ɗan Gangaran nan a ƙofar gida. Da ƙyar na gane shi. Da na ga ya ƙi haɗa ido da ni, ya nemi a kira Inna bakin zaure, na san abin da ya kawo shi.

Bayan an yi salati an yi addu'a, na roƙe shi ya gaya mini yadda aka yi. Ya ce aikin cikin rami ne, mutum yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana haƙa, wasu suna ɗaukar ƙasa a kwano suna hawa da ita. Ruwan can ba irin namu ba ne, ya ce, yayyafi ne mai sanyi da ke wuni yana zuba, iska tana shiga ƙashi. Bukkokin ciyawa ne, suna yoyo, bargo ɗaya, abinci ba ya isa. Ƙanena ya yi wata biyu lafiya, shi ke ba mutane dariya. Sai tari ya kama shi, sai ciwon haƙarƙari, numfashi yana yi masa wuya. Kwana shida. Sun yi masa sutura da bargonsa, sun sallace shi, sun rufe shi a gefen wani tudu inda ake rufe sauran. Ya ce ko an mai da shi can yau ba zai iya nuna kabarin ba.

Inna ta ce daga bayan zana, "Ya bar sallahu?"

"Ya ce ki yahe mai."

Na jira. Mutumin ya gyara zama, bai ƙara komai ba. Ban tambaya ba.

Da zai tafi na raka shi bakin gari. Muna tafe ya ce, "Allah shi jiƙan yaron ga. In an tashi aiki mun rasa abin yi, shi ka ɗebe muna kewa da labarin Kumasi. Kasuwa, da kurmi, da teku, har gaisuwassu ya koya muna. Shekara nawa ya yi can?"

Na ce bai taɓa zuwa ba.

Ya tsaya ya dube ni. Ina jin a lokacin ne ya tuna abin da aka sa shi shaida a kai a filin Isa. Ya ce, "Allahu akbar," ya kama hanyarsa.

Inna ba ta taɓa ɗaga mini murya a kan wannan ba. Sau ɗaya ne, bayan kusan shekara, tana shiƙa a tsakar gida ina wucewa, ta ce, "Da ka bar shi." Ba ta daina shiƙar ba. Ni ma ban tsaya ba.

Limamin garinmu ya ce mini ajali ne, inda aka rubuta ƙasar mutum can zai kwanta. Na yarda, har yau na yarda. Hanyar Gwanja ma tana cin mutane. Cikin samari shidan nan biyu ba su dawo ba, ɗaya a Bargu aka rufe shi. Kuma da ƙanena ya tafi, wataƙila da ni aka ɗiba, ko da an tsallake gidanmu, ban sani ba. Abin da na sani, da ya mutu a waccan hanya, da ya mutu yana fuskantar inda yake so, da ƙafarsa, ba a jere a gaban dogari ba. Na kuma gane cewa shekara ba ta taɓa zuwa fanko. Kowace tana ɗauke da rasuwarta ko fararta ko haihuwarta, mai neman dalilin zama ba zai rasa ba. Shekara ɗaya tak aka buɗe mana ƙofa sosai, na tsaya a bakinta na tare, ina tsammanin haka za ta zauna a buɗe.

Na je Kumasi daga baya, bayan yaƙi da wasu shekaru, Turawa ba su riga sun tafi ba. Inna ta rasu. Ba wai abubuwa sun daidaita ba ne: matata tana goyon na huɗu, katangar bayan gida ta zube, gwiwata ta fara ciwon da take yi har yanzu. Wata safiya da rani ya yi nisa na ce wa matata gobe za ni. Ta dube ni ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," ta tashi ta jiƙa gero.

Lokacin motoci sun samu. Daga Sakkwato na hau babbar mota bisa buhunan albasa, muka bi ta Doso da Yamai, muka gangara kudu. A wani babban kogi aka ɗora mu kan jirgin fito, da mu da motar gaba ɗaya. Ban cika mako biyu a hanya ba. Ba ɗan fashin da na gani. Abin da ya fi damuna a tafiyar duka warin albasa ne.

A zango, unguwar Hausawa ta Kumasi, na sami ɗan marini, ya yi furfura ya yi ƙiba, yana fataucin goro. Labarin ƙanena ya riga ya kai musu tun tuni. Ya sauke ni a ɗakin baƙinsa, bai tayar da zancen ba, ni ma haka. Garin yana da girma kamar yadda ya faɗa, amma ba aljanna ba ce. Na ga 'yan ƙasarmu suna dako a kasuwa, wuyansu ya kumbura da kaya, su goma suna kwana ɗaki ɗaya. Na ga kuma waɗanda suka yi gida da rumfa. Ya sa aka kai ni wani ƙauye cikin kurmi na ga itacen goro. Itace ne kamar kowane, mai duhun ganye, 'ya'yan suna cikin kwanso. Na tsaya gindinsa na ɗan lokaci, mai gonar yana jira in ce wani abu. Teku ban kai gare ta ba, zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara, da na tashi sai na ji gida nake so.

Na iso garinmu hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wata uku na yi ba na nan. Na tarar surukina ya tara gayya an yi sharar gona, an ta da katangar da ta zube, yara lafiya, na goye har ya fara rarrafe. Na tambayi matata abin da ya faru bayana. Ta yi tunani ta ce akuya ɗaya ta ci wani abu a juji ta mutu, shi ke nan.

Kwana biyu da dawowata aka yi ruwan shuka. Na ɗauki sungumi na fita, matata da manyan yaran suna biye da ni da ƙwaryar iri.